EN19, EN40B ko mai alminiyam: wane ƙarfe ya cancanci a shayar da shi naitirojin?

Shaf ɗin da ake cirowa daga inji a Katsina ba mutuwa iri ɗaya yake yi ba. Wani wurin da sil ko bushi ke gogarsa ne ke cinyewa, har farce ya riƙa maƙalewa a zoben da ya ƙwaƙule. Wani karyewa yake ƙat a gindin kafaɗa, inda kauri ya canza. Wani kuma yashi ne ke lashe shi kamar sabulu. Mai inji idan ya gaji da cikawa da walda ana sake feƙewa, sai a ba shi shawara ya yi sabo ya aika a shayar da shi naitirojin, aikin da masu tanderu ke kira naitiraidin. Shawarar ba laifi, sai dai tanderu ba ya gyara kuskuren da aka yi wajen sayen ƙarfe. Sanda biyu masu kama ɗaya, tanderu ɗaya, awanni ɗaya, ɗaya zai fito da taurin 400 a ma'aunin Vickers, ɗayan ya fito da 1,000. Kuma mai 1,000 ɗin ba kullum shi ne daidai ba. Irin mutuwar da tsohon shaf ya yi ita za ta gaya maka ƙarfen da za ka saya.

Abin da ke faruwa cikin tanderu

Ana jera kayan da aka gama feƙewa cikin tukunyar tanderu mai murfi, a kori iskar da ke ciki, a sako iskar amoniya, a riƙe zafi tsakanin digiri 500 da 530. Gajeren aiki awa 10 ne, dogo yakan kai awa 80 ko fiye. Amoniya tana tarwatsewa a fuskar ƙarfen, naitirojin ɗinta ya riƙa shiga ciki sannu a hankali. A wannan zafin da ƙyar za ka ga ƙarfen ya yi ja ko cikin duhu, kuma idan an gama ba a tsoma shi a ruwa ko mai, a tukunyar yake hucewa. Shi ya sa kayan ke fitowa kusan yadda suka shiga, ba tanƙwarewa irin ta ƙarfen da aka gasa ya yi jawur aka tsunduma a mai.

Naitirojin da baƙin ƙarfe zalla ba su ba da wani tauri na a zo a gani. Taurin yana samuwa ne idan naitirojin ya tarar da alminiyam, kuromiyam, banadiyam ko molibdenam a jikin ƙarfen, ya haɗu da su ya zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu tauri, su cushe fatar. Wani Ba'amurke, Adolph Machlet, ya yi rajistar hanyar amoniya a 1913, amma Adolf Fry na kamfanin Krupp a birnin Essen na Jamus ne ya gane a farkon shekarun 1920 cewa sirrin yana cikin haɗin ƙarfen, daga aikinsa ne kuma aka samu dangin ƙarafan da ake kira Nitralloy.

Idan aka yanka kayan da aka shayar aka duba da madubin ƙara girma, hawa biyu ake gani. A sama akwai farin ɓawo, kaurinsa milimita 0.005 zuwa 0.025, bai kai silin gashin kai ba. Yana da santsi, yana hana ƙarfe ya ci ɗan'uwansa, yana ɗan tare tsatsa, amma yana da gautsi idan ya yi kauri. Ƙarƙashinsa ainihin fatar take, milimita 0.2 zuwa 0.6 a yawancin aiki, taurinta na raguwa sannu sannu har ya haɗe da na cikin ƙarfen. Zurfin ba ya bin lokaci kai tsaye: idan awa 15 ta ba ka 0.3, to 0.6 sai ka ba shi awa 60. Ninka zurfi biyu, ninka lokaci huɗu, kuma kuɗin tanderu da awa ake lissafa shi.

Abu biyu za ka riƙe kafin mu shiga kasuwa. Na farko, ƙarfen da ya fi yawan sinadaran nan ya fi tauri a sama, amma fatarsa ta fi siranta, domin sinadaran suna kama naitirojin tun a bakin ƙofa ba su barinsa ya yi nisa. Na biyu, fata rabin milimita ba ta ɗaukar kaya ita kaɗai. Wanda ya taɓa taka busasshiyar laka a fadamar Ajiwa bayan ruwa ya janye ya san abin: sama ta yi ƙamas kamar daɓe, ƙafa na hawa ta rufta, domin ƙasanta taɓo ne. Ƙarfen da cikinsa ke da laushi haka yake yi, nauyi ya danna, ciki ya lotsa, fata ta tsage.

EN8 da rodi

EN8, wanda takwarorinsa na kusa su ne C40 da C45, shi ne ƙarfen yau da kullum na masu feƙa. Kabon kusan kashi 0.4 cikin ɗari, babu kuromiyam na kirki. In ka shayar da shi za ka samu 350 zuwa 500 HV, wato a ma'aunin tauri na Vickers, kuma yawancin amfanin farin ɓawon ne kawai. Ga fil, bushi da sandar da ke zamiya ba nauyi, gajeren wankan gishiri, wato tsoma shi cikin narkakken gishiri mai naitirojin, ya ishe shi. Biyan kuɗin awa 40 na amoniya a kan EN8 asara ce. Rodin gini, irin wanda kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina ya yi suna da shi, don kankare aka yi shi, ba ya cikin wannan lissafi ko kaɗan.

EN19, wanda ya kamata a fara tambaya

Sunayensa da yawa: EN19 a tsarin Ingila, 42CrMo4 a na Turai, 4140 a na Amurka, SCM440 a na Japan. Kabon 0.38 zuwa 0.45, kuromiyam 0.9 zuwa 1.2, molibdenam 0.15 zuwa 0.30. Ba don shayarwa aka ƙirƙire shi ba, amma yana karɓa da kyau, fuskarsa takan kai 550 zuwa 650 HV. Saboda sinadarinsa bai yi yawa ba, naitirojin na shiga da sauri, kuma taurin yana sauka a hankali daga sama zuwa ciki, ba tsalle. Wannan ya sa fatarsa ba ta saurin ɓantarewa a baki ko a haƙori.

Cikinsa ma ba baya ba. Sanda mai kaurin milimita 40 zuwa 100 da aka gasa aka tsoma a mai aka sassauta, wato aka sake ɗumama ta don rage gautsi, tana ɗaukar ja na 900 zuwa 1,100 MPa, ma'aunin ƙarfin da ƙarfe ke jurewa. Idan ka ga an rubuta EN19T, wannan T ɗin yana nufin an riga an tsoma an sassauta zuwa 850 har 1,000 MPa, kuma shi ake so. Yana feƙuwa ba wahala, ya fi sauran ƙarafan wannan aji samuwa, ya fi su araha.

Shaf ɗin injin niƙa ko na casar shinkafa da sil ke ci, sandar fistin ɗin haidirolik, fil ɗin tarakta, ƙananan giya masu matsakaicin nauyi: cikin goma, takwas EN19 ya ishe su. Dalili kuwa, abin da ke gogarsu roba ce ko tagulla ko wani ƙarfe da mai a tsakani, kuma 600 HV ta ninka taurin da shaf ɗin ke da shi kafin shayarwa. Inda yake gazawa shi ne kauri mai yawa. Sanda ta wuce milimita 100, mai ba ya sanyaya tsakiyarta da saurin da ake buƙata, ƙarfin ciki ya fara sauka.

A nan ne ake kiran EN24, wato 34CrNiMo6 ko 4340, mai nikel kusan kashi 1.5. Mutane da dama suna zaton tunda ya fi tsada zai fi tauri bayan shayarwa. Ba haka ba ne. Nikel ba ya haɗuwa da naitirojin, fuskar EN24 tana tsayawa wuri ɗaya da ta EN19, wani lokaci ma ƙasa kaɗan. Abin da kuɗinka ya saya shi ne ciki mai jure duka da kuma tauri da ke kaiwa tsakiyar babbar sanda. Shaf mai kauri da ke shan fizga, a ba shi EN24. Siriri da ke cinyewa kawai, kuɗin banza ne.

Masu kuromiyam kashi uku

EN40B, mai lambar 722M24, kabon ɗinsa 0.20 zuwa 0.28 ne, kuromiyam 3.0 zuwa 3.5, molibdenam 0.45 zuwa 0.65. Ɗan'uwansa na Turai 31CrMo12 ya ɗan fi shi kabon. Sai 31CrMoV9 mai kuromiyam 2.3 zuwa 2.7 da ɗan banadiyam 0.10 zuwa 0.20. Waɗannan don shayarwa aka yi su, suna cikin ƙa'idar ISO 683-5. Fuskarsu takan tsaya wajen 800 HV, da ɗan sama ko ƙasa.

A ganina su ne suka fi daidaito a duk ajin. Suna da tauri da ya zarce na EN19 nesa, ba su da gautsin mai alminiyam, cikinsu kuma yana da ƙarfi har a manyan sanduna: 31CrMoV9 mai kaurin 40 zuwa 100 yana ɗaukar 1,000 zuwa 1,200 MPa, kuma ko a kaurin 200 bai faɗi ƙasa da 850 ba. Molibdenam ɗin yana da nasa aiki. Ƙarfen kuromiyam da ya daɗe a zafin digiri 500 yakan yi gautsi a ciki, molibdenam ne ke hana hakan, shi ya sa ba za ka ga ƙarfen shayarwa na kirki babu shi ba.

Babban abin da ake nemansu dominsa shi ne gajiyar ƙarfe. Shaf mai juyawa da nauyi a kansa yana lanƙwasawa kaɗan kowane zagaye, tsaga ta fara daga fuska a gindin kafaɗa ko bakin ramin ki, ta riƙa ci har ranar da zai karye. Idan ka duba karayar za ka ga wani ɓangare sumul da layuka kamar na sawun ruwa a yashi, sauran kuma garje. Naitirojin da ya shiga fata yana sa ta so kumbura, ciki ya riƙe ta, sai ta zauna a matse, tsaga kuwa ba ta buɗewa a wurin da ke matse. Wannan ne ya sa ake ƙera kiranshaf na motocin tsere da EN40B. Duk shaf ɗin da karyewa yake yi, ba cinyewa ba, wannan ajin ne nasa, muddin an gyara kafaɗar an ba ta lanƙwasa maimakon kusurwa mai kaifi. Matsalarsa samuwa. Ba kowane mai sayar da ƙarfe ke ajiye shi ba, sau da yawa sai an yi oda, an jira.

Mai alminiyam

Wannan shi ne wanda sunansa ya fi fita. EN41B a Ingila, 41CrAlMo7-10 a Turai, Nitralloy 135M a Amurka, SACM645 a Japan, 38CrMoAl a Sin, kuma da wannan sunan na ƙarshe ya fi shigo mana, domin shi ne rubuce a takardun injunan roba da leda. Kabon kusan 0.4, kuromiyam kusan 1.5, molibdenam 0.2 zuwa 0.3, alminiyam kusan kashi 1. Akwai kuma 34CrAlNi7-10 da aka ƙara wa nikel kusan kashi 1 don manyan sanduna. Fuskarsu 950 zuwa 1,100 HV. Magagari sabo fil zamewa yake a kai kamar a kan gilashi.

Don a ga ma'anar lambar, a kwatanta da yashi. Ƙwayar yashin da iskar hunturu ke kwasowa, da wanda ke maƙale a gyaɗa da riɗi da tsohuwar ledar da ake tsintowa a sake narkawa, yawancinta ma'adinin kwaz ne, taurinsa wajen 1,000 zuwa 1,200 HV. Ƙarfe mai 600 yashi yanka shi yake kai tsaye. Mai 800 yana jurewa kaɗan. Mai alminiyam ne kaɗai a cikin waɗannan ya kusa kai wa yashi kafaɗa. Shi ya sa sukuru da bututun injin narka roba, sandar injin feƙa, hannun bawul da fistin ɗin famfo mai matsi duk da shi ake yi. Ga kuma jure zafi: fatar da aka shayar ba ta saki sai an doshi digiri 500, narkakkiyar roba kuwa tsakanin 180 da 280 take.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Fatarsa tana da gautsi, kuma taurinta faɗuwa yake da sauri daga 1,000 zuwa 300 na ciki. Kusurwa mai kaifi tana shan naitirojin ta fuska biyu, ta cika, ta kumbura, ta ɓantare tun kafin a ɗaura ta a inji, wani lokaci tun a buhun da aka ɗauko ta. Kowane baki sai an kashe shi da lanƙwasar aƙalla rabin milimita. Zaren noti in ba a rufe shi ba gutsurewa yake wajen ɗauri. Haƙorin giya da ke shan duka kuwa, mai kuromiyam uku ya fi masa. Ƙari a kan haka, wajen tsoma shi ana kai shi digiri 900 zuwa 940, kuma a wannan zafi yana saurin zubar da kabon ɗin fuskarsa. Idan ba a feƙe wannan fuskar gaba ɗaya ba kafin shayarwa, fatar za ta riƙa sulluɓewa falle falle.

Akwai kuma maganar zurfi. Sukurun roba fatarsa kusan rabin milimita ce. Muddin tana nan, cin yana tafiya a hankali, ranar da yashi ya ƙarar da ita ya shiga ciki mai 300 HV, sai ka ga inji ya daina turawa cikin ɗan lokaci. Mai narka tsohuwar leda da bai wanke ta da kyau ba, canza ƙarfe ba zai fisshe shi ba, ko dai ya gyara wanki ko ya nemi sukurun da aka lulluɓe haƙarƙarinsa da waldar tauri.

Sauran biyu a taƙaice. H13, mai lambar 1.2344, ƙarfen mazubi ne mai kuromiyam kashi 5, yana kai 1,000 zuwa 1,200 HV, amma fatarsa ba ta wuce 0.1 zuwa 0.25 a aikin da aka saba, kuma don mazubin alminiyam da sauran aikin zafi ake shayar da shi. Silba marar tsatsa, irin 304 da 316, tarko ce ga masu shaf ɗin famfon ban ruwa na Jibiya ko Zobe: a zafin 500 naitirojin yana kwashe kuromiyam ɗin da ke hana tsatsa, a fito da shaf mai tauri da zai yi tsatsa a ruwa. Sai a ƙasa da digiri 450 ake kauce wa hakan, kuma fatar da ake samu siririya ce ƙwarai.

Inda shayarwa ba ita ce magani ba

Sukurun injin matsar man gyaɗa ko waken soya, gudumar injin niƙa, farantin injin bulo, haƙorin garma: waɗannan milimita biyu, uku, biyar suke zubarwa kafin a ce sun mutu. Rabin milimita komai taurinta ba ta kai ko'ina. Waldar tauri mai kuromiyam, wadda ake iya sake zubawa, ita ce tasu. A injin mai, babban shaf ɗin da ke ɗauke da sukurun ne zai iya cin moriyar EN19 ko EN24, ba sukurun ba.

Giya mai manyan haƙora da nauyi mai yawa kuma shigar da kabon ta fi mata. Ana ɗaukar ƙarfe mai ƙarancin kabon kamar 20MnCr5, 8620 ko EN36, a gasa a digiri 900 zuwa 950, a tsoma a mai, a samu 58 zuwa 62 HRC, wato a ma'aunin tauri na Rockwell C, da zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Ƙa'idar lissafin giya ta ISO 6336 tana ba irin wannan haƙori damar ɗaukar matsin fuska kusan 1,500 MPa, ƙarfen shayarwa na ainihi kusan 1,250, EN19 da aka shayar kusan 1,000. Abin da za ka biya shi ne tanƙwarewa, dole a wasa haƙoran bayan tsomawa, kuma taurin yana saki da zarar zafi ya haura digiri 200. Giyar zobe mai haƙora a ciki, siririya, da babu dutsen da zai shiga ya wasa ta, a nan shayarwa ke cin nasara. Idan kuma wuri ɗaya kawai kake son taurarawa a doguwar sanda, da zurfin milimita biyu zuwa huɗu, ƙona fuska da nadin lantarki a kan C45 ko EN19 ya fi sauri da araha.

Amoniya, gishiri ko filasma

Tanderun amoniya shi ke ba da zurfi. Yana buƙatar wuta ba yankewa kwana biyu ko uku, don haka tambayar farko ga mai tanderu ita ce me ke riƙe masa zafi in an ɗauke wuta. Masu iya aiki suna bin mataki biyu da Carl Floe ya tsara: awannin farko a bar kashi 15 zuwa 30 na amoniya ya tarwatse, daga baya a ɗaga zuwa 65 har 80, don farin ɓawo ya tsaya siriri. Wankan gishiri a digiri 570 zuwa 580 yake, awa ɗaya da rabi zuwa uku, yana ba da ɓawo mai kyau da fata marar zurfi, ya dace da EN8 da ƙananan kaya. Gishirin yana ɗauke da sayanaid, guba ce, ba abin haɗawa a bayan shago ba ne. Filasma a tukunyar da aka zuƙe wa iska ake yi, da naitirojin da haidirojin da lantarki, ita ta fi iya sarrafa ɓawo, rufe wuri kuma da murfin ƙarfe kawai ake yi, amma tana wahala a siririn rami mai zurfi. Barbaɗa takin yuriya a kan ƙarfen da ya yi ja a maƙera, da wasu ke gwadawa, ba ya kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan. Aikin awanni yake so a zafi tsayayye.

Shiri, da wuraren da aiki ke ɓaci

Ko wanne ka zaɓa, jerin aikin ɗaya ne. A fara da ƙarfen da aka tsoma aka sassauta, kuma zafin sassautawar ya ɗara na shayarwa da aƙalla digiri 30. In za a shayar a 520, a sassauta a 550 ko sama, in wankan gishiri ne a 580, to 610. Idan aka saɓa, ciki zai ci gaba da laushi a tanderu, awo ya canza. Ƙarfen da aka kawo da laushinsa na masana'anta, ba a tsoma shi ba, yana fitowa da fata marar daidaito mai gautsi a kan ciki mai taushi. Taurin ciki 28 zuwa 34 HRC ake nema.

A yi feƙar farko a bar milimita ɗaya ko fiye. A kai tanderu a sauke masa gajiyar feƙa, awa biyu a zafin da ya ɗara na shayarwa amma bai kai na sassautawa ba, a bar shi ya huce a hankali. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne dalilin da doguwar sanda mai ramin ki a gefe guda ke dawowa a karkace, a ɗora wa mai tanderu laifi. Sandar da aka miƙar da jak kafin shayarwa ma takan koma yadda take. Bayan shayarwa kuwa ba a miƙarwa, fatar tsagewa take. Doguwar sanda a rataye ake saka ta, ba a kwance ba.

Sai feƙar ƙarshe da wanki. Mai, ruwan sanyaya feƙa, fenti, alli, tsatsa, har sawun yatsa mai maiƙo suna hana naitirojin shiga, su bar tabo mai laushi. Baƙin wuƙar da ta dakushe tana goge fuska ta toshe ta, sakamakon ɗaya ne. Zare, ramin tsakiya da duk inda za a sake hudawa ko yi wa walda a rufe su da fentin hana shiga ko rufin jan ƙarfe. Walda a kan fatar da aka shayar kumfa take yi, ta cika da ramuka, sai an wase fatar tukuna.

Kayan suna ɗan kumbura, kauri yakan ƙaru da milimita 0.01 zuwa 0.03, gwargwadon zurfi da irin ƙarfe, mai alminiyam ya fi. Ƙaramin abu ne har sai ka tuna cewa mazaunin boris a shaf mai kaurin 50, a ajin awo na k6 da ake yi wa irin wannan mazauni, duk sararin da aka yarda da shi 0.016 ne. Ko dai a rufe mazaunin, ko a rage shi tun farko, ko a wasa bayan an dawo. Wasawar kada ta wuce 0.02 zuwa 0.05 a kowane gefe, domin mafi taurin fatar a saman take. Mai giranda da ya sauke 0.2 don ya gyara karkata ya zubar da abin da aka biya.

Gane ƙarfe, da abin da za ka rubuta

Yawancin ƙarfen da ke hannun masu feƙa daga tsofaffin kaya yake fitowa, ko na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko na 'yan gwangwan na gida. Tartsatsin giranda zai nuna maka kabon da yawa ko kaɗan, ba zai bambance EN19 da EN41B ba. Fentin da ke bakin sanda kowane ɗan kasuwa da nasa launi. Aksul ɗin babbar mota na iya zama mai kuromiyam, na iya zama mai kabon da manganis kawai da aka ƙona wa fuska. Sifirin kuwa a ƙasa da zafin shayarwa ake yawan sassauta shi, tanderu kashe masa ƙarfi zai yi. Ga aiki mai tsada, a nemi takardar shaidar masana'anta, wadda ake kira 3.1, a ga lambar narki da ke kanta ta yi daidai da wadda aka buga a jikin sandar, ko a yanki ɗan guntu a kai inda ke da na'urar auna sinadari.

Daga sandar nan kuma a yanki wani guntu kamar kwalin ashana, a yi masa duk abin da aka yi wa shaf ɗin, a aika su tare. Shi za a yanka a auna, ba shaf ɗin ba. Kada a yarda a gwada fatar da Rockwell C: nauyinsa kilo 150 ne, tsininsa yana huda fatar ya karanto ciki, ya ba da lamba ƙasa da gaskiya, ya kuma bar tsaga. Vickers mai nauyin kilo 1 zuwa 10 ake amfani da shi, ko HR15N, wato Rockwell mai ƙaramin nauyi. Zurfi kuwa ana ƙirga shi ne daga fuska zuwa inda tauri ya sauko ya rage 50 HV a kan na ciki, don haka a tabbata mai tanderu da wannan ma'aunin yake magana, ba da abin da ido ya gani a yanka ba.

Takardar da za ta bi kayan ta faɗi sunan ƙarfe da lambarsa, zafin da aka sassauta shi, taurin ciki, taurin fuska da ake so, zurfi da iyakarsa, kaurin farin ɓawo da aka yarda da shi, da wuraren da za a rufe, a zane. Ga shaf ɗin injin casa mai kaurin 60, alal misali: 42CrMo4, an sassauta a 600, ciki 30 HRC, fuska 600 HV1 (Vickers mai nauyin kilo 1) ko sama, zurfi 0.3 zuwa 0.4, farin ɓawo kada ya wuce 0.015, a rufe zaren baki biyu da mazaunin boris.